Ƙafar da Na Kai Damagaram

Tun da na dawo ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Wannan ta shigo da sunan gaisuwa, idonta na kan dunduniyata. Waccan ta aiko a tambaya ko gaskiya ne an cusa ni cikin inji. A gidan suna tambaya, a gidan ta'aziyya tambaya, har a bakin famfo ba a bar ni ba. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Asabe, mai koyar da matan aure, na ce ta zo da takarda da biro. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma na san abin da idona ya gani. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta zuba sukari. Daga yau duk mai tambaya a karanta mata.

Sunana Gambo. A Gashuwa aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na binne miji. 'Ya'yana mata ne, kowacce tana ɗakinta. Abin da marigayi ya bar mini gona ce guda a fadama, da ita nake ci, da ita nake rufa wa kaina asiri.

Wanda bai san fadamarmu ba sai an yi masa bayani. Duk damina kogi yakan cika ya shanye gonakin, ya share iyaka, ya tafi da turaku. In ruwa ya janye, Bulama yakan sa rana ya fito da dattawa. Kowane mai gona sai ya shiga taɓo da ƙafarsa, ya taka iyakarsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ana kafa sababbin turaku a bayansa. Wanda bai taka ba, sai a ba wani aron gonar na shekarar. Sunansa aro. Ni dai tun ina yarinya ban ga gonar da aka ara ta koma hannun mai ita ba.

Ciwon ya kama ni a agara, wannan jijiyar da ke bayan dunduniya, a ƙafar dama. Wurin ya kumbura kamar an cusa gauta a ƙarƙashin fata. Takun farko da asuba kuwa, sai ka ce ƙusa na taka. Na sha ƙwayoyin kemis har cikina ya fara ƙuna, na shafa man zafi, na gasa da ruwan kanwa. Ranar taka iyakar bara a kan babur aka kai ni bakin fadama. Na yi kusurwa biyu da sanda, a ta uku na durƙushe cikin taɓo. Bulama ya dube ni ya ce, "Gambo, bana na ɗaga miki saboda marigayi. Baɗi sai ƙafa." Ƙanen mijina Adamu yana tsaye a bayansa. Gonar yake kallo, irin kallon da mahauci ke yi wa saniya.

Falmata ce ta kawo zancen injin. Ƙawata ce tun muna 'yan mata, tana aure a Nguru, tana sayar da turaren wuta da humra, kuma takan kai kayanta har Damagaram a ƙasar Nijar. Ta ce akwai wani ɗan asibiti a can da ke da injin maganaɗisu, ana zura ƙafa a ciki ya kwashe kumburin jijiya, ba allura ba yanka. Ta ce mako uku ake yi. Na ce me ya hana Kano? Ta ce, "Wa gare ki a Kano? A can ina da gidan sauka." Na je bakin kogi na duba ruwa. Yana nan a wuyan tsamiyar da muke aunawa da ita. Na san ina da kwana arba'in ko abin da ya yi kusa kafin ya janye. Mako uku a cikin kwana arba'in, har da rara. Na ɗaure kayana, na cika ƙaramin buhu da bandar tarwaɗa domin tsaraba, na bar wa Malama Asabe makullin ɗaki.

Daga Gashuwa zuwa Nguru ba nisa, amma direban ya jera mu huɗu a kujerar mutum uku. Wani mai jarkar manja ya ɗora mini ita a kan ƙafar da ke ciwo. Na ce, "Malam, ƙafar nan asibiti za ta, ba kasuwa ba." Ya ce in yi haƙuri, amma bai ɗauke ba, sai da na ɗauke da kaina na aza masa a cinya. Har muka isa bai ƙara duban inda nake ba. Ruwa dama da hagu, ciyawar kachala ta cinye rabinsa. Na kwana gidan Falmata, da safe muka kama hanyar Machina.

Daga Machina kwalta ta ƙare mana. Motar a-kori-kura ce, buhuna a ƙasa mutane a sama, kowa ya riƙe abin da hannunsa ya samu. Direba ya rage iskar tayoyi saboda yashi. Duk da haka sau uku muna kafewa, ana cewa kowa ya sauka a tura. A na farko wani mai rawani ya ce, "Iya, sauka mana, nauyi ne ya yi yawa." Na ce, "Da zan iya tafiya cikin yashi, me zai hau da ni motarku?" Aka yi dariya, aka tura da ni a sama tare da buhunan gero. A na uku akuyar wani ta kwance ta gudu, muka zauna cikin rana ana bin ta.

Na zaci iyakar ƙasa wani babban abu ne, da katanga da ƙofa. Igiya ce aka ɗaure tsakanin ganga biyu, sai wata rumfa. Iyakar gonata ta fi ta tsari. Wani mai kaki ya karɓi katina, ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton.

"Iya, wannan ke ce?"

"Ni ce, kafin in hau motar nan."

Ya yi murmushi, sai hancinsa ya kai ga buhun banda. Ya buɗe, ya shaƙa, ya lumshe ido. Ya ce rabonsa da kifin kogi tun kakarsa na da rai. Falmata ta taɓa ni da gwiwar hannu. Na ciro uku na ba shi. Ya tsaya yana kallon buhun, na ƙara biyu. Aka sauke igiya muka wuce. Daga nan sai wata motar, sai wata, sai ga mu a Damagaram bayan la'asar, ƙafata ta yi suntum kamar tulu.

Gidan Hajiya Mariyama muka sauka, mai sayen turaren Falmata ce, mace mai jiki da fara'a da son magana. Ta karɓe mu hannu biyu, ba zan ci amanarta ba. Amma garin nan ba su da ruwa. Ni da na tashi kogi na bayan ɗakina, sai ga ni a gidan da ake kulle randa. Ranar farko na wanke ƙafata da buta guda cur, na ɗago kai na ga matan gidan duka suna kallon ƙasar da ta jiƙe, kamar na zubar da mai. Daga ranar na koyi alwala da rabin buta.

Abincinsu ma sai a hankali. Da safe burodi ne dogo kamar taɓarya, da tauri kamar ita, sai ka jiƙa a shayi kafin haƙori ya shiga. Miya ba kifi. Na ba su bandata, suka yi ta sa ɗaya-ɗaya a tukunya kamar magani. Suna yanka ɗanyen ganye su zuba mai su ci, na ce ni ba akuya ba ce. Maza kuma su zauna a ƙofar gida a kan ɗan mitsitsin shayi, a dafa sau uku, a yi ta ɗaga buta sama, rabin yini ya tafi. Furarsu dai, gaskiya, ta fi tamu. Wannan na yarda.

Washegari muka hau babur, kabu-kabu suke ce masa, zuwa asibitin. Ɗakuna uku ne da baranda. Mai aikin wata mace ce siririya cikin farar riga, ana kiranta Madam Hadiza. Ta ce ita ba likita ba ce, aikinta gyaran gaɓoɓi da jijiyoyi. Ta durƙusa ta kama agarata da yatsa biyu, na kusa kai mata mari. Sai ta fara tambayoyi.

"Iya, akwai ƙarfe a jikinki? An taɓa yi miki ɗori da ƙusa?"

"Babu."

"An sa miki batirin zuciya?"

"Zuciyata da Allah ya ba ni ita nake amfani da ita."

"Kina da ciki?"

Na dube ta tun daga sama har ƙasa. Falmata ta kifa kai tana dariya. Madam ta ce dole ne ta tambayi kowa. Na ce to ta rubuta, jikata ta fari ma ta yaye.

Ta sa na cire zobe, na ajiye waya, na kwance makullan da ke bakin zanena. Injin akwati ne kamar ƙaramin janareto, da igiya zuwa wani zobe mai faɗin bakin turmi. Na kwanta, ta zura ƙafata a ciki, ta danna. Na damƙe gefen gadon na fara salati, ina jiran wuta. Ba abin da ya zo. Sai wani ɗan sauti, ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar agogon bango.

Na ce, "Yarinya, kin kunna kuwa?"

Ta ce, "Yana aiki, Iya. Ƙarfin maganaɗisu ne yake bugawa yana tsayawa, yana ratsa fata har jijiya. Ba a jin sa. Ko da safa a ƙafarki zai ratsa."

"Ba zafi?"

"Babu."

"Ba ɗumi?"

"Babu, Iya."

Rabin awa na yi ina kallon silin. Da ta kashe, ta kai ni bakin matakala ta ce in tsaya da yatsun ƙafa a gefe, in sauke dunduniya a hankali, in ɗaga da ƙafar lafiya. Ta ce in riƙa yi safe da yamma. Ta karɓe silifas ɗina ta ce su ne rabin ciwona, ta sa aka sayo mini takalmi mai tudu a baya, ta cusa wata roba a ciki. Ta kuma faɗa mini magana a fili: injin ba ya yi wa kowa, kuma wanda zai yi wa ba ya gani sai an yi nisa. Na ji ta. Ban riƙe ba.

Akwai wani ɗan kokawa da ke zuwa a lokacina, ƙato kamar rumbu, kafaɗarsa ce ta goce. Duk sanda za a sa masa zoben sai ya cire layunsa yana rawar jiki, yana tambaya ko injin zai zuƙe masa ƙarfi. Ni na riƙa riƙe masa layun. Mutumin da ke kayar da maza a fili, ga shi yana gumi saboda ƙyas-ƙyas. Na raina shi a raina. Ashe shi ya fi ni hankali, domin shi ya yi abin da aka ce masa ya tafi gida.

Kwana bakwai ina zuwa. Kumburi na nan, ƙusar asuba na nan. Kullum na kwanta a gadon nan ina kallon silin, ba silin nake gani ba, tsamiyar bakin kogi nake gani, ruwa na sauka daga wuyanta. A Gashuwa in an yi maka magani ka san an yi maka. Allura ta yi zafi, ɗori ya sa ka ihu, sassaƙe ya yi ɗaci. Wannan kuwa kwanciya ce kawai da sautin agogo.

Rana ta takwas muna tsakar gida ana tsince shinkafa, Hajiya Mariyama ta ce, "Yaya Gambo, ni fa injin nan ban ce ba ya aiki ba. Amma in ya kwaso mugun jinin ya tara wuri guda, ta ina zai fita? Ƙafa ba ta da baki."

Falmata ta ce, "Wallahi abin da ke raina ke nan. Dubi wurin, har ya fi tauri. Ya taru ne."

Hajiya ta ce akwai wanzamin da ya yi wa mahaifiyarta ƙaho shekara da shekaru, hannunsa da albarka. Inji ya tara, wanzami ya fitar, an gama cikin rabin lokaci.

Ki rubuta wannan da kyau, Malama. Ba wanda ya ɗaure ni. Ni da ke ganin wautar kowa tun daga Gashuwa har bakin igiya, ni na miƙa ƙafata. Maganar ta shige ni domin ta yi daidai da abin da na sani tun ina goye, kuma domin rabin lokaci nake nema.

Wanzamin ya zo da hantsi da zabirarsa, dattijo mai ladabi. Ya yi bisimilla, ya yi tsaga shida a kan agarar, ya kafa ƙaho ya zuƙa. Zafi ya harbe ni har ƙeya. Na ce alhamdu lillahi, yau an taɓa ciwon. Ya juye jinin a ƙasa, baƙi, dunƙule-dunƙule, matan gida suka taru suna salati. Ya shafa wani baƙin gari a wurin. Ranar na ci tuwo da daɗin rai.

Na san Madam ba za ta so ba, sai na tuna da bakinta ta ce injin na ratsa safa. Na sa Falmata ta sayo mini safa mai kauri. Kwana uku ina zura ƙafa a zobe da safa, ina ce mata sanyin safiya nake ji. A na huɗu na tashi da zazzaɓi, ƙafar ta yi jawur har ƙwauri, safar ta manne. Da kyar aka ɗora ni a babur. Madam tana ganin yadda na shigo ta ce in zauna. Ta kawo almakashi ta yanke safar. Wari ya cika ɗakin.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na samu abin mayarwa. Ta daɗe a durƙushe tana kallon wurin, sannan ta ce, "Iya, wa ya yi miki wannan?"

"Ni."

"A nan jini ba ya gudu sosai, shi ya sa ciwon agara ke daɗewa. Rauni a nan ba ya saurin warkewa. Kin zo da kumburi, yanzu kina da kumburi da gyambo. Inji ya tsaya, matakala ta tsaya, sai wannan ya rufe."

"Kwana nawa?"

"Ban sani ba. Mako biyu, ko uku, in Allah ya taimaka."

Ta haɗa ni da likita. Aka wanke wurin, aka yi ta yi mini allurai safe da yamma. Zafin da nake nema na same shi har na ƙoshi.

A gida Hajiya Mariyama ta ce ai da ma wanzamin ya tsufa, hannunsa ya fara rawa. Falmata ta ce ita shawara kawai ta bayar. Na ce musu kowa ya yi shiru. Falmata ta gama sayar da turarenta, ya kamata ta koma ɗakinta, amma ta zauna tana yi mini wanki da ɗan ruwan da ake ba mu. Ba mu cika magana ba a kwanakin nan. Ina jin haushinta, ina kuma shan kunun da ta dama.

Kwana goma sha biyu da yanke safa, Malama Asabe ta kira wayar Falmata. Ta ce ruwa ya janye da wuri bana, tsamiya ta fito har saiwa, Bulama ya sa ranar Laraba mai zuwa. Ranar da ta kira Asabar ce. Na ce a kira mini Bulama. Na gaishe shi yadda ya kamata, na gaya masa ina kwance a ƙasar mutane, a ɗaga mini mako biyu, ko a bar surukina ya taka a madadina.

Ya ce, "Gambo, Allah ya sawwaƙe. Amma ba a taka iyaka ta waya. Bara na ɗaga, an yi ta magana a kaina. Surukinki kuma ba ɗan fadamar nan ba ne, bai san turakunku ba."

Ba a yi awa guda ba sai ga kiran Adamu. Muryarsa kamar an shafa mata man shanu. "Yaya Gambo, ashe jiki ya yi tsanani? Ki kwantar da hankalinki, lafiya ita ce gaba. Gonar Yaya ba za ta faɗa hannun bare ba ina raye. Ni zan riƙe miki."

Na ce, "Adamu, riƙo ko hadiya?"

Ya yi dariya ya ce har yanzu ban daina wasa ba.

Na ɗaure kayana a ranar. Falmata ta ruga ta gaya wa Madam, sai ga ta har gida bayan ta tashi daga aiki. Ta tsaya a bakin ɗaki ta ce, "Iya, ba zan tare miki hanya ba. Amma in kika shigar da wannan ramin cikin taɓon fadama, ba na ce miki za ki rasa gona ba, ƙafar za ki iya rasawa." Na ce ƙafata ce. Na ɗora ƙunshina a ka, na ɗauki sanda. Daga ɗakin zuwa zaure taku ashirin ne, na ƙirga su domin kowanne sai da na ji shi a haƙorina. A zaure ƙafar ta ƙi ɗaukata. Na zauna a dakali, ƙunshin na kaina. Gonata kusurwa huɗu ce, cikin taɓo har gwiwa, ga ni ban iya ƙetare tsakar gida busasshe ba. Can Falmata ta zo ta sauke mini ƙunshin ta mayar ɗaki.

Ranar Laraba da hantsi ina kwance ana canja mini bandeji. Na san lokacin da su Bulama suke kusurwar farko ta gonata, na san lokacin da suka kai ta wajen giginya.

Da raunin ya rufe na koma zobe, tun daga farko, mako uku cif. Ba sauran abin da nake sauri dominsa. Na kwanta, na ji ƙyas-ƙyas ɗina, na hau matakala safe da yamma, na sa takalmin mai tudu. A cikin mako na biyu wata asuba na tashi na taka ƙasa, sai da na isa wurin buta na tuna ban ji ƙusa ba. A na uku gautan nan ya sace, ya koma kamar ƙwayar gyaɗa. Na tambayi Madam, injin ne, ko matakalar, ko zaman da na yi dole? Ta ce, "Iya, in na ce na sani na yi ƙarya. Wataƙila duka ne." Sai ta ƙara da cewa da ban kira wanzami ba, da a wannan matsayin nake tun kafin Larabar nan. Ban tambaye ta wannan ba. Amma gara da ta faɗa.

Hajiya Mariyama ta yi mini tsarabar kilishi, ta riƙe hannuna ta ce in yafe. Na ce ruwanki na sha, ba abin yafewa. A bakin igiya mai kakin nan ya gane ni. Ya ce, "Iya mai kifi! Ƙafa fa?" Na ce ga ta. Ya ce to tafiya ta yi kyau. Na ce haka ake gani. Da mota ta kafe a yashi na sauka tare da kowa, har na sa hannu a turi. A Nguru muka rabu da Falmata a tasha. Ta ce, "Gambo, ni na kai ki." Na ce, "Ke kika kai ni, ni na miƙa. Gai da gida."

Washegarin dawowata ban hau babur ba. Da ƙafata na tafi fadama, tun daga ƙofar gida. An kafa sababbin turaku, an ja kunyoyi, an dasa albasa layi-layi, 'ya'yan Adamu na ban ruwa. Shi yana zaune a inuwar giginyar da mijina ya shuka. Ya miƙe da sauri yana tafa hannu.

"Yaya Gambo! Da ƙafarki? Kai, alhamdu lillahi! Wallahi kamar ba ki taɓa ciwo ba. Lallai mutanen can sun iya aiki."

Na kama daga kusurwar farko na zagaye gonar, kusurwa huɗu, ba sanda, ba tsayawa. Ta wajen turakun na bi, domin ciki shukar wani ce. Daga nan na wuce gidan Bulama na ce ya ga ƙafa. Ya ce ya gani, Allah ya ƙara lafiya, baɗi a duba. Na san wannan a duba ɗin. Da shi aka sallami mata uku a gabana, biyu sun mutu ana dubawa.

To, masu tambaya, ga amsarku. Injin ba ya zafi, ba ya ɗumi, ba ya jan jini, ba ya zuƙe ƙarfi. In za ku je ku je, ku tafi da haƙuri, ku koyi alwala da rabin buta, kuma kada ku sayi safa. Madam ta ce in riƙa tafiya kullum don kada jijiyar ta sake ɗaurewa, saboda haka duk safiya ina zuwa fadama in dawo. Ba ni da wata hanyar da na sani.

Jiya Adamu ya aiko matarsa da ɗaurin lawashi, na farkon da aka yanka a gonar, wai in sa a miya. Malama Asabe tana nan, ta zaci zan watsar. Na wanke shi na yanka na zuba a tukunya. Ƙasar ba ta yi mini laifi ba. Ya yi daɗi kuwa, na san zai yi. Ni na zuba mata taki shekara da shekaru.